Maƙera Babu Hayaƙi: Masu Sana'a A Ƙagaggun Labaranmu

Duk ɗalibin da ya taɓa zama ajin nazarin adabin Hausa ya saba da wasu kalmomi da muke aiki da su kullum, har sun zame mana jiki, ba ma tsayawa mu tambayi inda muka samo su. Mukan ce mu nemo jigon labari, sa'an nan mu warware shi. Mukan yi maganar zubi da tsari, da tubalan da aka gina jigo da su, da ɗangon waƙa. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ma da ya tashi shimfiɗa mana hanyar nazarin waƙa, gadon feɗe waƙa ya kira ta. To, jigo dai na mai lambu ne, da shi yake ɗebo ruwa. Warwara ta mai tufka ce da masaƙi. Zubi na maƙerin fari ne, tubali da ɗango na magini, fiɗa kuwa kowa ya san ta mahauci ce. Ashe ke nan kayan aikin manazarci aro ne daga masu sana'a. Abin tambaya shi ne, su masu kayan da muka ara, ina muka ajiye su a cikin labaranmu?

Wannan tambaya ce ɗan nazarin nan zai bi, kuma zai tsaya ga zube kawai, wato ƙagaggun labarai na littattafai da kuma gajerun labaran da ɗalibai suke kawo wa wannan mujalla. Ra'ayina, tun kafin in yi nisa, shi ne zuben Hausa ya yi wa maƙeri da marini da majemi da masaƙi da masunci rowar wuri, kuma rowar ta rage wa labaran kansu armashi.

Mu fara daga tushe. A shekarar 1933 ne Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da littattafai biyar waɗanda har yau su ne harsashin ƙagaggen labarin Hausa na boko. A dubi taurarinsu. Na Ruwan Bagaja ɗan malami ne mai yawon duniya da wayo. Na Ganɗoki mayaƙi ne. Na Shaihu Umar yaro ne da bauta ta ɗauke, ya dawo shaihin malami. Na Jiki Magayi saurayi ne da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa, ya tafi neman fansa. Na Idon Matambayi kuwa ɓarawo ne, kuma abin dariyar shi ne, a cikin biyar ɗin, shi ne kusan kaɗai aka nuna mana dabarun aikinsa dalla-dalla. Babu ko ɗaya da yake cin abinci da aikin hannunsa. Takobin Ganɗoki wani ne ya ƙera shi, sirdin dokinsa wani ne ya sassaƙa, wani baduku ya rufe shi da fata, amma dukkansu suna bayan labule.

Ba zargin magabata nake yi ba, domin akwai dalilai. Na farko, an rubuta littattafan ne don a sami abin karantawa a makarantu, kuma marubutan sun jingina da abin da suka tarar, wato tatsuniya da labaran yaƙi da littattafan Larabci irin su Alfu Laila, inda fada da kasuwa da duniyar aljannu suka cinye fili. Na biyu, su kansu marubutan mutanen alƙalami ne. Abubakar Imam da yayansa Bello Kagara 'ya'yan gidan malanta da alƙalanci ne, kuma Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk Kwalejin Katsina suka yi. Dalili na uku ya fi waɗannan zurfi, shi ne yadda al'ummar kanta ta jera mutane. M. G. Smith, a nazarinsa na 1959 kan matsayin jama'a a ƙasar Hausa, ya nuna yadda sana'a take yanke wa mutum daraja, da yadda ake bambanta karda, wato sana'ar gado, da shigege, wato wadda mutum ya shiga da rana tsaka. Sarakai da malamai da attajirai suna sama, masu aikin hannu suna tsakiya ko ƙasa, mahauta da maroƙa suna can ƙarshe. Marubuci ya ɗauko tauraronsa daga saman jerin nan, ya bar sauran su zama 'yan rakiya.

Sai dai tarihi bai goyi bayan wannan rabo ba. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, a shekarar da ya iso Kukawa, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar, waɗanda ya ce suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus da Tambutu. Arzikin da attajiran labaranmu suke taƙama da shi daga ramin karofi ya fito, daga hannun matan da suka gurje auduga suka shiɓe ta suka kaɗa, da masaƙan ƙauye, da marina, da mabuga irin na Kura masu turkuɗi. Harshe bai manta ba, ko da adabi ya manta. Har gobe mai dukiya sunansa mai hannu da shuni. Na sha tambayar ɗalibai dalilin wannan suna, kuma kaɗan ne suke iya danganta shi da marini wanda shuni ya kama wa hannu.

Da aka zo gasar Kamfanin NNPC da ta fito da So Aljannar Duniya da Mallakin Zuciyata da Amadi Na Malam Amah a 1980, da ta Gwamnatin Tarayya da ta ba mu Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da sauransu a 1982, labari ya sauko daga duniyar aljannu zuwa titi, amma titin na ɗan boko ne da ɗan fasa-ƙwauri da ɗan ta'adda. Adabin kasuwar Kano da ya biyo baya ya ƙara matso da labari cikin gida, ya kuma ba mata baki, wannan kuwa babbar nasara ce. Amma a dubi yadda yake ƙulla rikicinsa. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, abin da ya shiga tsakanin masoya shi ne wannan talaka ne, wancan mai kuɗi ne. Wannan zubi ne ɗaruruwan littattafai suka bi. Alhali kuwa duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san akwai shingen da ya fi talauci tsayi. Akwai gidan da zai ba talaka 'yarsa da murna, ya hana mahauci mai shanu ɗari, ko ɗan wanzami mai digiri. Ga rikici a kwance, mai ciwo, wanda soyayya da asali da addini duk suka haɗu a cikinsa, amma marubutanmu sun fi son su aika tauraro Dubai.

Inda na ga an kusanci abin da nake nema shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Da Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta, da sayar da abinci ta riƙe gidan. Sana'ar tana cikin ƙashin bayan labarin, domin ita ce ta mai da Rabi mutum mai tsayawa da ƙafarta, kuma ita ce ta sa mai karatu yake jin zafin abin da aka yi mata a ƙarshe, da dangi suka matsa mata ta koma. Da a ce marubuciyar ta cire tukunyar nan, da labarin ya rushe. Wannan shi ne ma'aunin da nake so a riƙe: in an cire sana'ar labari ya tsaya yadda yake, to ado ce kawai aka yi da ita.

Makaɗa sun riga marubuta a nan, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda a inuwar masu sana'a suka tashi. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, garaya ta maharba, gangar noma ta manoma. Ɗan Anace ya san gona da fagen dambe ciki da waje. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, mutumin da ko a tasha ba a cika kallonsa sau biyu ba. A zube kuwa, littafin da ya fi kowanne nuna mana yadda aikin hannu yake cikin rayuwar yau da kullum ba ƙagagge ba ne. Labarin Baba mutuniyar Karo ne, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Turanci a 1954. Baba, wadda zuriyarta Barebari ce, ba ta tsaya ta yi wa kowa lacca kan kaɗi ko girkin sayarwa ba. Abubuwan suna shigowa ne a tsakiyar zancen aure da kishi da ƙawance da biki, domin da kuɗinsu mace take yin gudummawa, take tara wa 'yar riƙonta kayan ɗaki. Tsohuwar da ba ta yi boko ba ta fi mu sanin inda ake sa sana'a a cikin labari.

Yanzu in dawo gida, ga labaran da suke zuwa teburin wannan mujalla. Na lura da cuta iri biyu. Ta farko ita ce ambaton suna kawai. Marubuci zai ce mahaifin yarinya maƙeri ne, a kai mu maƙerarsa a same shi yana ta buge-buge, shi ke nan. Me yake bugawa? Da masaba ko da guduma? Wa yake masa zuga? Wane wata ake ciki? Tambayar ƙarshen nan ba ƙarama ba ce, domin maƙerin ƙauye a bazara, lokacin da kowa yake neman fartanya da garma kafin ruwa ya sauka, ba shi ne maƙerin tsakiyar rani ba. A bazara yana da aiki amma ba kuɗi, don yawancin manoma sai kaka za su biya, wasu ma da damin gero. In damina ta yi gardama, bashinsa ya nutse tare da nasu. Wanda ya san wannan ya riga ya sami rikicin labarinsa, ba sai ya ƙirƙiro hatsarin mota ko muguwar kishiya ba. Ya kuma sami halin tauraronsa, domin mutumin da ya shekara talatin yana duban launin ƙarfe a wuta don ya san lokacin ɗaukarsa da awartaki, ba zai yi magana da gaggawa irin ta ɗan tasha ba.

Cuta ta biyu kishiyar ta farko ce, kuma ta fi kama ɗalibanmu na sashen Hausa, waɗanda suka ci jarrabawar al'ada. Shi wannan ya karanta Zaman Hausawa da makamantansa, ya haddace, sai ya tsai da labari cak ya juye mana kayan saƙa: ƙoshiya, allera, kunkuru, da sauransu, kamar mai amsa tambaya ta uku a takardar jarrabawa. Waɗannan littattafai sun yi aikin da aka rubuta su dominsa, ba su da laifi. Laifin na wanda ya ɗauka jerin suna shi ne sani. Sanin da labari yake bukata shi ne na dangantaka. Alal misali, katsin da marini ya kwashe daga gindin ramin baba ba shara ba ne. Ana ƙona shi, a haɗa da gashin da majemi ya kankare daga fata da ruwan dafara, a sami laso, wanda magini yake shafe soro da shi, shi marinin kuma ya gyara raminsa. Sana'a uku ke nan a cikin kwano ɗaya. Ranar da atamfar kanti ta rufe karofi, ba marini kaɗai ya shiga uku ba. Wannan sarƙa ita ce abin rubutawa, domin a cikinta ne ake ganin yadda gari yake mutuwa a hankali alhali kowa yana raye.

Akwai wata ƙasa da ta fuskanci irin wannan hali, kuma abin da ta yi ya cancanci mu duba, da daɗinsa da ɗacinsa. A 1937, shekarar da Magana Jari Ce ya fara fitowa a nan, Hukumar Adana Al'adun Gargajiya ta ƙasar Ayalan, wadda aka kafa a 1935, ta haɗa kai da ma'aikatar ilmi da malaman firamare, aka tura yara fiye da 50,000 daga makarantu 5,000 su je su tambayi iyaye da kakanni da maƙwabta, su rubuto abin da suka ji. Cikin batutuwan da aka ba su har da tsofaffin sana'o'i da maƙerar gari da kaɗa nono. Yaran ƙauye suka rubuto yadda ake yin kyandir da kwando da igiya, da yadda ake baibayar ɗaki, da ƙona farar ƙasa, da kaɗi da saƙa, da ƙirar ƙusa, har da sunan mai sana'ar da inda rumfarsa take. Aikin ya kai 1939, ya tara shafi fiye da rabin miliyan, yana ajiye a jami'a a Dablin, kuma yau ana iya karanta shi ta intanet da rubutun hannun yaran. Galibin sana'o'in nan sun mutu, amma marubucin ƙasar da yake son ya san yadda maƙerar ƙauyensu take a zamanin kakansa yana da inda zai je. Seamus Heaney, wanda ya sami kyautar Nobel a 1995, ya gina wani sashe na waƙoƙinsa na farko a kan irin waɗannan mutane, maƙeri da mai baibaya da mai haƙar ƙasa, kuma ya ɗauke su a matsayin malamansa a fasaha.

Ɗacin kuwa shi ne abin da ya sami littafin Peig Sayers na 1936, labarin wata tsohuwa ta tsibirin Blasket, tsibirin da aka kwashe ragowar mutanensa a 1953. An ɗora littafin a manhajar sakandare shekara da shekaru, aka mai da rayuwar ƙauye abin tilas da abin tausayi, har ɗalibai da yawa suka fita makaranta suna ƙin littafin da harshen da aka rubuta shi. Darasin a gare mu a fili yake. In muka mai da marini kayan gidan tarihi, muna ta kukan jiya ta fi yau, za mu kori mai karatu, kuma za mu yi ƙarya, domin jiyan tana da bauta da wulaƙancin asali da yaron da aka hana karatu don ya yi zuga.

Mu da muke Maiduguri ba mu ma da uzurin cewa sana'a ta zama tarihi. A zaga Hausari ko Gwange ko bakin Kasuwar Monday a ga masu ɗinkin hula. Hular zanna ɗaya takan bi hannu da yawa: mai zana fasali a kan farin ƙyalle, mai ɗinki da zai yi makonni yana bin zanen da allura, mai haɗa kai da jiki, mai wanki da ɗora ta a kan itace ta ɗauki tsayuwa, sa'an nan dillali, wanda sau da yawa ya fi kowa cin riba. Bayan da Bama ta faɗa hannun 'yan Boko Haram a Satumban 2014, aka kuma afka wa Baga a Janairun 2015, dubban mutanen da suka gudo garin nan sun bar gona da jirgi da rumfa a baya, abin da suka iso da shi shi ne abin da yake cikin hannunsu da kansu. Mata da yawa a sansanonin gudun hijira da allura da zare suka ci abinci. Masunta da masu banda na bakin Tafkin Chadi, waɗanda kifinsu yake cika motoci zuwa Kudu, sun zauna shekaru suna kallon hanya. Matan da suka gaji haɗa turaren wuta da humra sun mai da sirrin ɗakin iyayensu jari. Sai gobarar 26 ga Fabrairun 2023 ta cinye Kasuwar Monday, ambaliyar Alau ta Satumban 2024 ta bi ta kan abin da aka fara tarawa. Duk wannan ya faru a gaban idonmu.

Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini labari mai shafi goma sha biyu, tauraronsa ɗan minista ne, rabin labarin a filin jirgin sama ya faru. Hausarsa mai kyau ce, amma babu abin da ya rage mini a zuciya bayan na ajiye. Muna hira sai ya ce mini da kuɗin hula mahaifiyarsa take biya masa rajista, kuma idonta ya fara rauni, har sai ƙanwarsa ta zura mata zare a allura. Na ce masa, "Malam, ga labarinka nan ka bari a gida." Ya yi dariya, ya ce wa zai karanta labarin ɗinkin hula? Na fahimci dariyar. Kunya ce, irin wadda jerin darajar nan na Smith ya dasa, boko kuma ya yi mata ban ruwa.

Za a iya ce mini marubuci ba ma'aikacin gidan tarihi ba ne, kuma mai karatu nishaɗi yake nema. Na yarda da duka biyun. Ban ce a daina labarin soyayya ba, cewa na yi masoyan su kasance suna da abin yi da safe, kuma abin yin ya taɓa soyayyar. Ban kuma ce kowa ya koma ƙauye ba. Mai gyaran Keke Napep da mai walda da mai gyaran waya su ne maƙeran yau, suna da iyayen gida da yara, da ranar yaye, da kalmominsu da ba su shiga ƙamus ba tukuna.

Wani abu kuma da ya keɓanta da mu a nan: garin nan na Barebari ne, akwai Shuwa da Babur da Margi da sauransu, Hausa ce ta haɗa su a kasuwa. Ɗalibin da ya je wurin mai turare ko masunci zai ji kalmomin da ba na Kano ba ne, wasu na Barbarci, wasu na Larabcin Shuwa. Kada ya goge su don neman daidaitacciyar Hausa. Ya bar su a bakin mai maganar, ya bar jimlar ta bayyana ma'anarsu. Ina kuma ba wannan sashe shawara ya gwada abin da yaran Ayalan suka yi, gwargwadon ƙarfinsa: kowane ɗalibin ajin ƙirƙira ya zauna mako guda a rumfar mai sana'a ɗaya, da izininsa, ya rubuto sunayen kayan aiki da farashi da bashi da irin zancen da ake yi in ciniki ya tsaya, a ajiye littattafan a ɗakin karatun sashe, sa'an nan ya rubuta labarinsa daga ciki. Tsofaffin da suka san Bama da Kukawa da Baga kafin 2014 suna nan cikin unguwanninmu, kuma mafi yawansu ba wanda ya taɓa zuwa musu da littafi da biro.